Takardar mutuwa a Damargu: daga littafin lanho zuwa kayen mai gari

 Maganar yau ba mai daɗin ji ba ce, amma babu gidan da ba ta shiga. Kowa ya san yadda muke yi idan aka yi rasuwa. Kafin rana ta yi tsaka labari ya kai ƙauyuka goma, an yi wanka, an yi sutura, an yi salla, an kai mamaci makwancinsa. A wannan fanni babu wanda zai koya mana sauri ko zumunci. Sai dai akwai abu ɗaya da kusan kullum muke bari a baya, wato zuwa a rubuta rasuwar a hukumance, a karɓo takardar da ake ce wa akt de dese. Ba a tunawa da ita sai ranar da banki ya riƙe kuɗin marigayi, ko ma'aikatar fansho ta mayar da matarsa gida hannu wofi, ko rigimar gona ta kai gaban alƙali. A ranar ne ake jin cewa a idon hukuma mutumin da aka binne shekara biyar da suka wuce yana nan da ransa. To daga ina wannan takarda ta fito, kuma me ya sa har yau ba ta zauna mana a jiki ba?

Bari mu fara da wani abu da ya faru a ƙasarmu ta Damargu. A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku da suka biyo ayarin Abzinawa daga Tarabulus suka rabu a Tagelal. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir. Shugabansu James Richardson ya bi ta Damagaram zai je Kukawa. Bai isa ba. Ya rasu ranar 4 ga Maris 1851 a wani gari na ƙasar Barno kafin a kai Kukawa. Yau shekara fiye da 170 ke nan, amma ranar mutuwar wannan baƙo tana nan a rubuce, duk mai so zai same ta. Mutanen Damargu da suka sayar masa da hatsi, da waɗanda suka ɗebo wa raƙumansa ruwa, da kakanninmu da suka tsaya suna kallonsa, babu ɗaya da za mu iya cewa ga ranar da ya bar duniya.

Wannan ba ya nufin kakanninmu ba su san rubutu ba, ko ba su damu da matattunsu ba. Malamai suna rubuta ranar rasuwar manya. An san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, shekara ta 1232 ta Hijira, an san Sarkin Damagaram Tanimun ya rasu a 1884, kuma malami yakan rubuta ranar wafatin shehinsa ko mahaifinsa a gefen wani littafi da ke cikin gafakarsa. Amma wannan na sarakuna ne da malamai. Talaka kuwa rajistarsa tana cikin kan tsofaffi. Ana ɗaura rasuwarsa a jikin wani abin da kowa ya sani, a ce ya rasu shekarar fari, ko shekarar da aka haƙa rijiya kaza, ko damina biyu bayan an naɗa wane. Kuma wannan ya wadatar, don duk wanda maganar ta shafa yana nan cikin gari. Liman ya yi salla, mai gari ya halarta, dattawan da za su raba gado sun ga gawar da idonsu. Wa za a kai wa takarda? Ita takarda amfaninta yana farawa ne ranar da wanda zai yanke hukunci a kan dukiyarka bai san ka ba, bai san ubanka ba, yana zaune a wani ofis mai nisa.

Irin takardar da muke magana a kai daga Faransa ta zo, kuma can ma ba da meri ta fara ba. A 1539 Sarki Faransuwa na ɗaya ya kafa wata doka da ta umarci limaman coci su riƙe littafin waɗanda aka yi wa baftisma, daga baya aka haɗa da aure da binnewa. Sama da shekara 250 aikin yana hannun coci. Sai a watan Satumban 1792, cikin juyin juya halinsu, aka karɓe littattafan aka damƙa su ga magadan gari. Daga nan ne aka sami abin da muke kira eta sibil, kuma shi ya sa har yau a Nijar magajin gari ne ke sa hannu a takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa, ba likita ba, ba liman ba.

Nasara sun shigo mana da bindiga kafin su shigo da alƙalami. An kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a watan Mayun 1898, aka yi yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya faɗi, ƙasa ta koma hannun Faransa. A Damargu suka fara kafa barikinsu a Jajiduna, wadda a lokacin take babbar mashigar fatake, daga baya suka mayar da shi Tanut. Abu na farko da kwamanda ya buƙata shi ne ya san mutum nawa ke ƙarƙashinsa, don kowane kai yana da kuɗinsa. Sai aka fara rangadin ƙidaya. Kwamanda ko wakilinsa ya sauka a gari da tafinta da gardi, a tara magidanta a ƙarƙashin itace, kowa ya faɗi matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa, a rubuta a littafi. Da wannan littafi ake yanka lanho, da shi ake ɗibar masu aikin dole, da shi ake ɗibar soja, daga baya ma da shi ake kama yara a kai lakwal.

A nan ne, a ganinmu, aka ɓata tsakaninmu da rajista, kuma ya kamata mu tsaya a kai kaɗan. Littafin lanho ba ya sanin mutuwa sai an sake rangadi, rangadi kuwa yana iya ɗaukar shekaru bai dawo ba. Adadin da aka yanka wa gari shi mai gari zai kai, ko mutane sun mutu ko sun yi ƙaura. Ma'ana masu rai su ke biyan na matattu. Ku yi tunanin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, da ta share garuruwa daga nan har ƙasar Kano. Gidan da aka rubuta da mutum takwas ya koma uku, littafi yana nan a kan takwas. Don haka mutane suka koyi dabara irin ta wanda aka matsa wa. Idan an yi haihuwa a ɓoye, idan yaro ya tasa a rage masa shekaru, idan rangadi ya zo a yi ta lissafa matattu don a soke sunayensu, wani lokaci har da wanda ya tafi cin rani a ce ya mutu. Shi kuma kwamanda ya san ana yi masa haka, sai ya riƙa kallon duk labarin mutuwa da zargi. Ka ga ke nan karo na farko da Badamarge ya faɗa wa hukuma cewa ubansa ya rasu, ba don gado ko haƙƙin marayu ya faɗa ba, ciniki ne a kan haraji. Ana ja layi a kan suna, shi ke nan. Ba a ba ka komai ka riƙe.

Ita kuwa ainihin eta sibil, mai rajista da lamba da hatimi, ta Turawa ce da 'yan tsirarun da aka ba matsayin 'yan ƙasar Faransa. Sauranmu talakawan mulki ne a ƙarƙashin dokar da ake kira andijena. A 1933 gwamna janar na Dakar ya fitar da ƙa'idar rajista ta 'yan ƙasa, amma waɗanda ta wajaba a kansu kaɗan ne: sojoji, ma'aikata, sarakuna da mazauna garuruwan mulki. A 1946 aka soke aikin dole da andijena. A watan Agustan 1950 aka sake wata ƙa'ida da ta faɗaɗa abin, ta wajabta bayyana haihuwa da mutuwa ga mazauna garin da ke da cibiya da waɗanda ke cikin kilomita 10 daga gare ta. Ku auna kilomita 10 daga Tanut, sannan ku dubi faɗin Damargu. Kusan dukanmu muna bayan layin. Daga wannan zamani ne muka gaji "ne ber", wato an haife shi wajajen shekara kaza, da magatakarda ke rubutawa bayan ya dubi fuskar mutum ya yi ƙiyasi. Jikokin "ne ber" su ne dubban mutanen da katinsu ya nuna an haife su ranar 1 ga Janairu, kai ka ce duk matan ƙasar nan rana ɗaya suke naƙuda.

Waɗanda suka fara ɗanɗana amfanin takardar mutuwa a karkararmu su ne iyalan tsofaffin sojan Faransa. Mutum ya je yaƙin duniya ko Indocin ko Aljeriya ya dawo, yana karɓar ɗan fanshonsa. Ranar da ya rasu, matarsa ba ta da hanyar samun rabonta sai ta nuna takardar aure da takardar mutuwa, alhali aurenta a zaure aka ɗaura shi da goro, mutuwar kuma babu wanda ya rubuta. Ga shi Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da wata doka ta ƙarshen 1959, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai daga 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ko a lokacin, gwauruwar da ba ta da takarda ba ta da bakin magana.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 an daɗe ana tafiya a kan tsarin da aka gada. Lanho ya ci gaba har gwamnatin Seyni Kunce ta soke shi a shekarun 1970, bayan farin 1973 da 1974, ko da yake harajin gunduma ya maye gurbinsa, kuma katin iyali da ake biya da shi yana nan. Dokar eta sibil ta Nijar ta kanta ba ta zo ba sai ranar 29 ga Maris 1985. Ku lura da shekarar. Ana cikin yunwar da muke kira El Buhari, mutanen Damargu sun watse, wasu Damagaram, wasu Najeriya, wasu sansanonin rabon abinci. Doka ta ce a rubuta kowace mutuwa a daidai lokacin da mutane ke mutuwa a hanya, nesa da garuruwansu. Babbar cibiya tana ofishin sufurefe a Tanut, an buɗe ƙanana a wasu manyan garuruwa, amma ga mutumin ƙauye abin bai wuce labari ba. Wa zai ɗaura wa jaki sirdi ya keta rairayi kwana guda don ya faɗa wa sakatare abin da duk garinsu ya riga ya sani?

Abin da ya matso da ofis kusa da mu shi ne kafa ƙananan hukumomi. Dokar 2002 ta zana su, aka yi zaɓen farko a watan Yulin 2004, Falanko ta sami merinta, haka Gangara, Olelewa, Tenhiya da Tarka. A watan Disamban 2007 aka yi sabuwar dokar eta sibil da ta mayar da kowace meri babbar cibiya, ta kuma ba da damar ƙauyuka da rugage da gidajen likita su zama wuraren bayyanawa. A 2011 aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 400,000 a gundumar Tanut, kusan 100,000 a ta Belbeji. Sannan ranar 1 ga Yulin 2019 aka kafa dokar da ake aiki da ita yanzu. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wanda aka naɗa riƙon gari, da ake ce wa AD, shi ke zaune a kujerar magajin gari, amma ofishin eta sibil da rajistocinsa suna nan inda suke.

Ga yadda abin yake a yau, don wasu har yanzu suna tsammanin sai an je Tanut ko Damagaram. Idan mutum ya rasu a gida, wani daga cikin dangi ko wanda ya shaida rasuwar zai je wurin bayyanawa mafi kusa, wanda a yawancin garuruwa gidan mai gari ne ko na shugaban ruga, inda aka ajiye kaye da mai rubutawa. Idan a likita ya cika, ma'aikatan wurin ne ke shaida rasuwar su rubuta. Za a tambayi sunan mamaci da na iyayensa, da shekarunsa, da rana da wurin rasuwa, don haka yana da kyau a tafi da katinsa ko takardar haihuwarsa idan akwai. Daga nan takardar bayyanawa ta wuce meri, a shigar da ita cikin rajista, a sa hannu, a ba iyali tasu. Bayyanawa kyauta ce. Kofin da za ka nema daga baya don haɗa wani dosiye, shi ne ake manna wa tambur. Dokar 2007 ta ba da kwana 10 a gari, 30 a ƙauye. Ta 2019 ta mayar da wa'adin kwana 60 ga kowa. Idan ya wuce, meri ba ta da ikon rubutawa da kanta, sai an je kotu da shaidu alƙali ya yanke hukuncin tabbatar da rasuwar, abin da muke kira jujuma, sannan a dawo da shi meri a shigar. Nan ne kuɗin mota da na abinci da na ɗaukar shaidu ke shigowa, sai fa in an yi sa'a alƙali ya fito zaman kotu na tafi-da-gidanka, wanda shi ma akasari takardun haihuwar 'yan makaranta ne ke cinye shi.

Kwana 60 kamar da yawa, amma mu ɗora shi a kan kalandarmu ta makoki mu gani. Sadakar uku, sadakar bakwai, gida cike da masu gaisuwa, babu mai zancen takarda, wanda ma ya ɗauko zancen sai a ce idonsa na kan dukiya. Ana yin arba'in baƙi su watse, 'ya'yan da suka zo daga Arlit ko Kano su koma bakin nemansu. Saura kwana 20. Wadda ta fi kowa buƙatar takardar nan ita ce matar marigayi, ita kuwa tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, wajen kwana 130. Ranar da ta fita takaba wa'adi ya wuce da fiye da wata biyu. Waɗanda suka rubuta doka ba su yi lissafi da takaba ba, mu kuma da muka san takaba ba mu yi lissafi da doka ba, sai abin ya faɗa kan mace da marayu. Mu a namu ganin, tunda mai gari da liman suna wurin kowace jana'iza, kuma kayen yana gidan mai gari, babu dalilin da zai sa a tashi daga sadakar bakwai ba a rubuta ba. Ƙanin mamaci ko babban ɗansa minti goma zai ɓata.

Abin mamaki, a fannin haihuwa an ci gaba sosai. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2006 kashi 32 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista, a 2012 suka kai kashi 64. Dalili a fili yake. Mata sun ƙara zuwa awo da haihuwa a likita, an mayar da maganin ƙananan yara kyauta tun 2006, kuma kowane uba ya gane cewa ɗansa ba zai zauna jarrabawa ba sai da takarda. Takardar haihuwa tana buɗe ƙofa ga mai rai. Ta mutuwa kuwa, in mamaci ba ma'aikaci ba ne, ba shi da ajiya a banki, mutane ba sa ganin ƙofar da za ta buɗe. Ga kuma yawancin rasuwarmu a gida take faruwa. Balle jariri. Yaron da ya koma kafin suna, ko ɗan wata uku, maza biyu uku ne ke kai shi, uwa ta haɗiye kukanta saboda kunya da haƙuri, a ce Allah ya sa mai ceto ne. Bai shiga littafin haihuwa ba, bai shiga na mutuwa ba. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nahiyar Afirka mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake yi wa rajista.

Wannan rashin yana da tsada ko ga wanda ba shi da gadon da zai bi. A birnin Landan wani ɗan kasuwa mai suna John Graunt ya zauna a 1662 ya tattara takardun mutuwar da ake fitarwa mako-mako, ya gano irin cututtukan da ke cin mutane da yawan yaran da ba sa girma. A 1854 likita John Snow ya bi adireshin waɗanda kwalara ta kashe gida-gida har ya gano famfon ruwan da ke yaɗa ta. Da matattun da aka rubuta aka ceci masu rai. Mu kuwa sanƙarau ya sha ratsa ƙasar nan, na 1996 kaɗai ya kashe wajen mutum 25,000 a yankin Sahel, ƙyanda da zazzaɓin damina suna zuwa kowace shekara. A yunwar 2005, da ake ta gardama tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin agaji a kan girman abin, sai da aka tura masu bincike suna bin gidaje suna tambayar iyaye mata yara nawa suka rasa, don babu rajistar da za a buɗe a duba. Garin da matattunsa ba sa cikin lissafi, da wuya a ga dalilin kai masa likita ko motar ɗaukar marasa lafiya.

Sai maganar gado, wadda ita ce ta fi kai mutane ofis. Kotunan Nijar suna bin al'adar mamaci a sha'anin gado, a wurinmu kuwa wannan yana nufin rabon Musulunci, alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada. Amma kafin a kai ga rabo a hukumance sai an yi taron dangi an rubuta, an naɗa wakilin magada da mai kula da marayu, an fitar da takardar da ta lissafa su waye magada. Duk waɗannan a kan takardar mutuwa suke tsayawa. In babu ita, asusun fansho na ma'aikatan gwamnati ko na CNSS ba zai saurare ka ba, banki ba zai buɗe ajiya ba, fili mai takarda a Tanut ko Damagaram ba zai canja suna ba. Gona ma ta shigo ciki. Tun da aka kafa dokar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, gonaki sun fara samun takardu da sunan mutum ɗaya. Idan mai sunan ya rasu ba a rubuta ba, ba a fitar da magada ba, wanda takardar gonar ke cikin akwatinsa shi ke da ƙarfi, kuma ba kasafai yake zama 'yar marigayi da ke aure a wani gari ba, ko yaron da yake goye lokacin rasuwar. A da dattawan da suka san iyaka su ne rajista. Dattawan nan suna ƙarewa, gonaki suna ƙara tsada, mutane suna ƙaruwa.

Akwai kuma waɗanda ko kayen mai gari ba ya iya kamawa. Makiyayan Tenhiya da arewacin Tarka, Fulani da Buzaye, mutum yana iya rasuwa a mashekari, tafiyar kwanaki daga shugaban rugarsu, kafin a dawo wa'adi ya shige. Sannan ga 'yan tafiya. Hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas ita ce hanyar ayarin da, ita ce kuma hanyar 'ya'yanmu masu zuwa Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya. Wanda ya rasu a asibitin Sabha ko Tamanrasat, in yana da takardu, ana iya samun shaidar hukumar can a kai ofishin jakadancin Nijar a shigar da ita. Amma nawa ne ke tafiya da takardu? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, akasarinsu mutanen Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Waɗannan an gan su, an ƙidaya su, an binne su. Wasu da yawa babu wanda ya gani, sai dai waya ta daina shiga.

Matar irin wannan mutum tana tsakanin dokoki biyu, kowace da jiranta. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace ba a san inda yake ba tana kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, in bai bayyana ba ta yi takaba sannan ta sami damar yin aure, dukiyarsa kuwa ba a raba ta da wuri haka, sai an kai lokacin da ake ganin sa'o'insa ba sa raye. A wajen hukuma kuma meri ba ta rubuta mutuwar da babu wanda ya shaida, sai kotu ta saurari waɗanda suka yi tafiya tare da shi, ko waɗanda suka binne shi, ta yanke hukunci. Shi ya sa waɗanda ke can, idan ɗan garinku ya rasu a gabanku kuka sa shi a rami, ku rubuta rana da wurin da sunayen waɗanda suka halarta, ko a cikin waya ne, ku aiko wa danginsa da mai garinsu. Alƙalin Tanut zai nemi shaidu, kuma ku ne kaɗai kuka gani.